Kukan Da Ya Zagayo Kududdufi

Buhun gyaɗa ne ya fara faɗuwa, sannan Manu ya bi shi ƙasa, nan bakin rumbu, da rana tsaka. Kande ta yar da taɓarya ta sheƙo. Ta tarar da mijinta ido buɗe, gumi kamar an yi masa wanka, bakinsa na motsi ba magana. Da ta ɗora hannu a ƙirjinsa sai ta janye da sauri. Abin da ke ciki ba bugu ba ne, wani karkarwa ne, kamar ka damƙe ɗan tsako a tafin hannu.

"Wayyo Allah na! Jama'a, ku kawo ɗauki!"

To, a Matameye ta wancan zamanin, lokacin Faransawa na nan, mace ba ta jin kururuwar 'yar'uwarta ta tsaya tambaya. Ɗauka take ta miƙa gaba, a ji dalili daga baya. Rabi ta makwabta ta ɗauka, gidan mahauta suka karɓa, kuka ya bi gidajen da suka kewaye babban kududdufi, yana nisa har ya ɓace.

Kande ta ja Manu inuwa tana masa fifita. Can sai ga kuka ya ɓullo ta ɗaya gefen, ta wajen marina, kuma wannan karon na mutuwa ne sosai. Gabanta ya faɗi. Wa kuma aka rasa a unguwa? Kafin ta ankara bakinta ya riga ya ɗauka. Rabi ta amsa ta bayan danga, abin ya sake tafiya.

Manu ya kama zanenta. "Kande... wa ake wa kuka?"

"Ban sani ba, Maigida. Kwanta."

Likita Idrisa na ɗakin shan magani ya shigo da kekensa har tsakar gida, ko sallama babu, don Rabi ta aika masa. Ya durƙusa ya kama wuyan hannun Manu, ya kasa kunne a ƙirji, fuskarsa ta canja.

"Ruwan randa, mafi sanyi. Cika babbar ƙwarya. Maza!"

Tana ɗiba tana tambaya. "Likita, iska ce ta taɓa shi?"

"Ba iska ba ce. Bugun zuciya kira ne, uwar gida. Yakan tashi wuri guda, ya ratsa naman zuciyar, ya mutu a ƙarshensa. Duk inda ya wuce sai wurin ya ɗan huta kafin ya iya amsa wani. Na mijinki ya ci karo da inda bai gama hutawa ba, ya kauce ya zagaya. Kafin ya dawo wurin ya huta, sai ya sake amsawa. Ga shi nan yana ta murɗawa kamar guguwa, yana bin kansa, jini ba ya samun tafiya."

"In bai tsaya ba fa?"

Likita ya jawo ƙwaryar gaban Manu. Kukan ya sake tasowa ta wajen marina, yana matsowa gida gida, yanzu har da suna a ciki: Manu, Manu, Allah ya jiƙan Manu. Idon mai sunan ya firfito. Kande ta ji za ta sake ɗauka. Sai a lokacin ta gane kukanta ne na farko ke ta zagayowa yana dawo mata. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije.

"Ja numfashi ka riƙe," in ji likita. Ya tallabi ƙeyar Manu ya nutsa fuskarsa cikin ƙwaryar. Kande na riƙe da ƙirjinsa ta baya. Ƙafafunsa na shure ƙasa. Karkarwar ta ci gaba, ta ci gaba, sannan ɗif, ta ɗauke. Babu komai a ƙarƙashin hannunta. Ta buɗe baki za ta kira sunan da ba ta taɓa kira a gabansa ba, sai ta ji dum. Shiru. Dum kuma, mai nauyi, a hankali.

Manu ya ɗago yana tari, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Alhamdu lillahi," in ji likita, yana share goshi. "Amma kar in ruɗe ku, yana iya dawowa. Ruwa ba kullum yake tsayar da shi ba. Ranar da motar gyaɗa za ta Damagaram, ka bi ta a duba ka. Cin rani Kano kuwa, bana ka haƙura."

Ba a rufe baki ba aka yi sallama. Tsoho Sallau ne mai haƙa kabari, da dogon karan dawa a hannu, wanda ake awon gawa da shi. Ya ga Manu zaune jiƙe sharkaf, ya tsaya turus.

"Af! Ashe da sauranka? Ga yara can har sun ɗauki gatari za su maƙabarta."

"Da saura, Baba," in ji Manu, muryarsa ƙasa ƙasa.

"To madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Tsohon ya juya zai fita, yana ɓoye karan a bayansa don kunya. Amma Kande ta ga idonsa, don sabo da aiki, ya bi mijinta daga kai har ƙafa. Ta matso ta sake ɗora tafinta a ƙirjinsa, ba ta ɗauke ba.