Layuka Shida Da Ta Goge

Kwamfuta ta goma sha bakwai ma ta watso jan rubutu ta tsaya cik. Injiniya ta dubi agogo. Tara da kwata. Goma daidai za a buɗe ƙofa, ɗaliban jinya arba'in su shigo jarrabawar da in ta wuce su sai baɗi. Tana jin hayaniyarsu a baranda.

Jiya ta rubuta umarnin da zai girka manhajar jarrabawar a kan dukkan kwamfutocin lokaci guda. A tata kwamfutar ya tafi sumul. To amma na ɗakin nan tarkace ne, kowacce da irin tsarinta, wasu ma sun ga jiya sun ga yau. Da umarnin ya kira Python, manhajar da ke karanta shi ta aiwatar, sababbin suka miƙo siga ta uku, tsofaffin suka miƙo tsohuwar siga ta biyu, wadda ko layin farko ba ta gane ba.

Sai ta tuna. Tsohon fayil ɗin da ta gada yana da wasu layuka shida munana, ta goge su wai tana tsafta. Ashe su ke tambayar kowace kwamfuta wace Python take da ita!

Wanda ya rubuta su, Baba Mai Waya, shi aka sallama watan jiya aka ɗauke ta. Kunya kamar ta nutse, amma ta kira shi, ta saka a sifika.

"Baba, ni ce wadda aka..."

"Na gane ki, 'yata. Kin goge su ko?" Ya yi 'yar dariya. "Kar ki ce Python kawai. Sa umarnin ya nemi ta uku da sunanta, in babu ya girka tukuna. Maza rubuta."

Yana karantowa tana bugawa. Sau biyu tana kuskure yana cewa a hankali. Goma saura biyar kwamfuta ta ƙarshe ta tashi.

Shugaban makaranta ya faɗo ɗakin yana haki, ya duba, ya washe baki.

"Madalla! Ai na faɗa, shirme tsohon nan ya bar mana. Gara da muka rabu da shi."

Wayar na kan tebur, ba a kashe ba. Ita kuwa ko takardar tabbatar da aiki ba a ba ta ba tukuna, kuma tsoron shugaban take ji sosai. Ta nuna masa wayar.

"Ranka ya daɗe, shi ya gyara. Ga shi nan yana jin ka."