Idon Fetuao Yana Ƙasa

Tun Fetuao tana ƙarama aka koya mata cewa ba a kallon babba cikin ido. A ƙauyensu da ke tsibirin Savai'i, in babba yana magana, zama ake yi a tabarma, a naɗe ƙafa, a sunkuyar da kai. Ta iya wannan har ana kwatance da ita a coci.

Koyarwa take yi a firamaren cocin, kuma an faɗa mata ƙarara: ba digiri, ba aji a shekara mai zuwa. Shi ya sa ta shiga karatun intanet na wata jami'a a Ostireliya. Karatun dai ga shi nan ne kawai. Malama tana cikin bayani hoto zai daskare da bakinta a buɗe, kafin ya dawo an wuce babi guda. Haka ta daure har ta kai jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi da baki, ita da Malama Prescott ta kyamara.

Ta amsa komai, ko gargada babu. Amma duk sanda malama ta buɗe baki, idon Fetuao yana kan cinyarta. Ba a jima ba saƙo ya iso: ana zarginta da karanta amsa daga takardar da ta ɓoye, za ta bayyana gaban kwamiti.

Wanta Ioelu, wanda ya yi aikin tsinkar tuffa a Ostireliya, dariya ya yi har da buga cinya.

"Ke ma dai! Mutanen nan in ba ki tsura musu ido ba, ɓarauniya ce ke. Zare musu shi kamar kifin da ya kwana a kasuwa."

"Haba Yaya, malamata zan zare wa ido?"

"Wace malama? Ɗigon kyamara za ki kalla. Ɗigo ba shi da furfura."

Ta yi ta gwadawa bayan an tashi makaranta. Takan kafa wayarta a jikin bishiyar kwakwa, ta kalli ɗigon, ta maimaita abin da za ta ce: babu takarda, girmamawa ce, haka muke yi. Har ta haddace shi.

Ranar kwamitin, mahaifinta Malaki, dattijon coci, ya ce ba za a yi wa 'yarsa shari'a yana gona ba. Ya sa farar riga da laktaye a kan zanensa na Lahadi, ya zauna gefe inda kyamara ba ta kai. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, amma ya san muryar babban da ransa ya ɓaci. Ya kuma san yadda ake yi da ita. Ba a musu, ba a bayani. Haƙuri ake bayarwa tukuna, su manyan ne za su ɗago mutum su tambaye shi yadda aka yi.

"Da nan kusa suke," in ji shi, "da tuni mun je ƙofarsu mun durƙusa."

Fuskoki uku suka bayyana a allon wayar. Shugaban kwamitin, wani mai sanƙo da ke shan shayi, ya sake kunna hoton jarrabawar, ya tsayar da shi daidai inda kanta yake ƙasa.

"Me kike kallo a nan?"

Fetuao ta kalli ɗigon, ta ja numfashi.

"Fetuao!" Muryar mahaifinta ƙasa-ƙasa take, amma da kaifi. "Wa kike zare wa ido? Malamanki ne. Sauke kanki ki ba su haƙuri."

Wuyanta ya bi umarnin tun kafin ta yi tunani. Abin da ta haddace ya watse. Ta ji bakinta yana cewa su yi haƙuri, su yafe mata.

Shugaban ya gode mata da ta faɗi gaskiya. Malama Prescott ta ce abin ya yi mata ciwo, don tana jin daɗin rubutun Fetuao ƙwarai. Shekarun nan duka matar tana jin daɗin rubutun, ba ta taɓa tambaya ko daga wane irin gida yake fitowa ba. Aka tambayi Fetuao ko tana da abin ƙarawa. Fetuao ta jira a ɗago ta. Su kuma suka duba agogo. An soke jarrabawar, an dakatar da ita daga jami'ar, suna yi mata fatan alheri. Allon ya yi baƙi.

Takaici ya cika mata ƙirji, ta rasa ma wanda za ta ji haushi. Ajinta ta tuna, da wanda za a ba shi.

Malaki ya sassauta laktaye, fuskarsa ta washe.

"Kin ga muryarsu ta yi laushi? Har na ji mai sanƙon yana godiya. Yau kin fitar da ni kunya, 'yata. To, yaushe suka ce za su ba ki takardar digirin?"

Babba ne yake magana. Fetuao ta kalli tabarma.