Zauren Malam Sanda

Shekara goma sha ɗaya ina kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Duwatsun Kudu, kuma a cikinsu babu makon da Abdulnasir bai wanke ni tas a shafinsa na wasanni ba. In mun ci, sa'a ce. In an ci mu, ni ne ban san aikina ba. Ranar da Alhaji Maikuɗi, mai kulob ɗin, ya gaji da karanta shi, sai ya kira shi ya ce tunda ya fi kowa sani, ga kujerar manaja nan, ya zo ya gyara. Ni dai na bar su da abinsu. Bakina ya gaji, gwiwoyina ma haka.

Abu ɗaya ba zan hana Abdulnasir ba, yana da ido. Wata biyu da kama aiki, muna can ƙasan teburin gasa, ya zo mini da labarin wani ɗan wasan gaba a Gwaram, Ashiru, da ya gani a gasar unguwanni. Na je na kalla da idona. Ƙafar hagu kamar taɓarya. In muka same shi kafin zagaye na biyu, mun tsira. In ba haka ba, Alhaji ya riga ya rantse zai rufe kulob ɗin ya koma kan noman shinkafarsa, mutum ashirin da biyu su kama gabansu.

Abdulnasir so ya yi ya tare Ashiru da takarda a bakin fili. Na ce masa a nan ba haka ake yi ba. Sai an je an gai da mahaifinsa, Malam Sanda, kuma ba a ɗaga maganar a zuwan farko. Haka muka yi ta zarya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram a tsohuwar motata, ga ramuka, ga zafi. Zuwan farko hirar damina muka yi. Na biyu, tsadar taki da ciwon bayan da ke hana dattijon ruku'u. Manajana na zaune kan tabarma yana ta mutsu-mutsu, hannunsa na kai wa aljihun da biro yake. A zuwa na uku Malam Sanda ya ce ya ji, ya amince, amma a bari a gama yankan dawa, mako uku, sannan mu zo mu tafi da shi.

A mota na roƙi Abdulnasir ya kama bakinsa. Ya ce ai shi ba yaro ba ne.

Mako uku da nisa ga mutumin da ya shekara ashirin yana fargabar kada wani ya riga shi ba da labari. Kwana tara ya daure. A na goma rubutu ya fito a shafin nasa, wanda dama bai taɓa ajiyewa ba. Bai ambaci sunan kowa ba, wai shi mai dabara. Amma ya kawo hanyar, ya kawo gidan mai koren ƙyaure a bayan masallaci, ya kawo dattijon da ke sallah a zaune yana kukan taki. Rubutun ya yi daɗi, ba ƙarya, sau biyu na karanta. Raina kuwa ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Da wa'adi ya cika muka koma. Malam Sanda ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa a tsanake. Sannan ya shaida mana Ashiru na Kano tun shekaranjiya, mutanen wani babban kulob sun zo har ƙofar gida, ba su ma tambayi kowa hanya ba. Abdulnasir ya tuna masa cewa ai ya yi mana alkawari.

"Na yi," in ji dattijon. "A zaurena na yi, tsakanina da ku. Na faɗa muku ciwona don na ɗauke ku baƙina, sai ga shi ana karanta mini a waya a ƙofar masallaci. Wanda bai riƙe hirar zaure ba, Malam, ta yaya zan ba shi ɗana ya riƙe?"

Muka yi sallama muka tashi.

Muka yi ta tafiya har muka hango duwatsun gari. Nan Abdulnasir ya nisa, yana kallon taga, ya ce a hankali, "Amma dai kowa ya san ni na fara gano shi."

 Na karya kan mota zuwa fili. La'asar ta yi, 'yan wasana na zagaye cikin rigunansu da suka koɗe, sai ga su sun tsaya cak, duk sun zuba wa kujerar baya ido, inda suke sa ran ganin Ashiru. Na kashe mota na zauna, na daɗe ban buɗe ƙofa ba.