Igiyar Bas

Wata bakwai ke nan Hajiya Suwaiba tana sallah a kan kujera, kuma abin yana cin ranta fiye da ciwon gwiwar kansa. Likita ya ce ta riƙa motsa ƙafar a cikin ruwan ɗumi, aka samo mata gurbi a wani wurin wanka da ke gabashin garin da suke zaune a ƙasar Turawa, inda ake ware wa mata zalla awa ɗaya duk Talata, ƙarfe sha ɗaya. Sau biyu ta yi fashi saboda an canza wa 'yarta Rahina, mai kai ta, lokacin aiki a sito. Mutanen wurin sun faɗa ba wasa: in ta ƙara na uku, za a ba wata gurbinta.

Don haka ranar Talatar nan ta ce za ta tafi da kanta. Rahina ta cika takarda gaba da baya da bayani: ta hau bas a Wendover, ta sauka a babbar tasha ta Downtown, ta canza wata, ta sauka in ta ga gini mai shuɗin rufi.

"Mama, in kin ruɗe ki kira ni, ko ina kan shift," in ji Rahina.

"Ni da na yi shekara talatin ina hawa motar Sabon Gari? Tafi aikinki."

Gaskiya kuwa rabin farko ya tafi sumul. Ta canza mota a tasha ba tare da ta tambayi kowa ba, ta zauna jikin taga tana ji da kanta. Akwai wata igiya ruwan ɗorawa da aka ja a saman tagogin. Hajiya ta dube ta, ta yanke hukuncin cewa ta labule ce da ba a saka ba, ta ma janye kafaɗarta don kada ta ɓata wa mutane kaya.

Can sai ga shuɗin rufi. Ta gyara mayafi, ta ɗaga murya daidai yadda mace mai mutunci za ta ɗaga.

"Direba, akwai!"

Bas ta wuce abinta. Ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta, yadda ake yi tun duniya tana kwance. Wani dattijo ya juyo ya yi mata murmushi, ya koma kan wayarsa. Direbar, wata mace mai faffaɗar kafaɗa, ko waiwaye ba ta yi ba. Ran Hajiya ya ɓaci. Ta ga an tsaya wa wasu ba su ce uffan ba, ita da ta yi magana har da bugu an mayar da ita iska.

Shaguna suka ƙare, gidaje suka fara nisa da juna, sai fili da itatuwa. Agogonta ya nuna sha ɗaya saura biyar. Nan fushi ya sauka, tsoro ya hau. Ta ciro waya, ta tuna maganar Sabon Gari, ta mayar da ita jaka. A tashar ƙarshe kowa ya fita, ya rage ita kaɗai tana ta salati.

Wata mata ce ta shigo, sanye da kayan masu kula da tsofaffi, ta tsaya cak da ta ji salatin.

"Ei, Hajia! Sannu. Lafiya kuwa?"

Jin Hausa a wannan dajin ya sa ƙwalla ta cika wa Hajiya ido. Matar ta ce sunanta Memunatu, 'yar zangon Kumasi, daga aiki take a McLeansville aka rage mata hanya zuwa nan. Hajiya ta zayyana mata komai, har da rashin tarbiyyar direba.

Memunatu ta yi dariya har da dafa kujera. "Hajia, direban nan tana da kirki paa. Ba ta ji ki ba ne. Nan ba a cewa akwai. Kin ga igiyan nan? Shi za ki ja, ya yi ƙara, ta tsaya miki a next stop."

"Wannan ta labulen?"

"Shi ɗin. Kuma bus ɗin nan juyawa zai yi, hanya ɗaya ne. Ten minutes kin kai."

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya mai nauyi. Ta zaro takardar Rahina ta duba gaba da baya. Har launin kujeru yarinyar nan ta rubuta, amma ba igiya.

Da shuɗin rufi ya sake bayyana, Memunatu ta kai hannu, Hajiya ta riga ta. Ta ja da ƙarfin da ya isa jawo guga daga rijiya. Ƙararrawa ta buga, bas ta rage gudu, ta tsaya, har motar ta ɗan russuna don Hajiya ta sauka.

Sha ɗaya da kwata ta isa, tana haki. Yarinyar da ke kan tebur ta duba suna, ta yi alama, ta miƙa mata tawul.

Ruwan ya kai mata ƙirji, ɗuminsa ya ratsa har ƙashi. Ta kama ƙarfen gefe, ta lanƙwasa gwiwar a hankali tana jiran zafin da ta saba. Ya zo, amma kaɗan. Ta ƙara lanƙwasawa, ta ƙara, har ta kai inda takan kai a da in za ta yi sujada.

"Alhamdulillahi," ta ce, ta daɗe a haka ba ta miƙe ba.