Gwangwani Uku Kafin Ɗibar Jini

A sito inda nake dakon siminti, kowa da gwangwaninsa yake fara aiki. Lemon ƙarfi ne, mai hoton mangwaro da abarba a jiki. Kurɓar farko zaƙi ce zalla, iskarsa ta tsikare ka a hanci, sai wani ɗaci ya biyo baya kamar ka lashi ƙusa. Bayan minti ashirin buhu ya koma maka filo.

Ranar Talata aka sa za a yi wa Baba tiyata, a cire masa ƙari a ciki. Likitan sau ɗaya yake zuwa a wata. An ce sai an ajiye leda ɗaya ta jini. Asibitin ba su da irin nasa, a gidanmu kuma nawa ne kaɗai ya dace.

Da safe na biya sito neman izini. Dogo, abokin dakona, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da kake kamar tsinken sakace, wane jini za ka bayar? Sauro ma tausayinka yake ji."

Ya miƙo min uku masu sanyi.

"Shanye. Wannan jini yake ƙarawa. Ba ka ga jan launinsa ba?"

Ban karya kumallo ba. Na shanye su a tsaye.

Kafin in isa asibiti yatsuna sun fara rawa. Na ɗauka ƙarfi ne. Nas ta ɗaura min abin awo a dantse, ta dubi lambar, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Gudu ka yi?"

"A'a."

"Me ka sha?"

Na gaya mata.

"Nawa?"

"Uku."

Ta ajiye allurar cikin faranti. "Malam, zuciyarka ɗari da talatin take bugawa. In na soka maka ka faɗi, gado biyu za mu nema. Je ka zauna, ka sha ruwa."

Yayata tana kan benci a baranda, riƙe da takalman Baba. An riga an tura shi ƙofar ɗakin tiyata.

"Ka bayar?"

Na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga.

"Abu ɗaya aka ce ka yi, Auta. Ka zo da jikinka."

Na zauna ina ɗirkar ruwa, yatsa biyu a wuya, ina ƙirge. Ina ƙirgawa zuciyar tana ƙara gudu. Ƙarfe sha ɗaya aka sake awo, ɗari da sha takwas. Na roƙi nas ta ɗiba haka, in na mutu ni na so. Ta ce ba ni ke sa hannu ba.

Ƙarfe ɗaya likita ya fito, ya ja layi a takardarsa, ya ce mu dawo wata mai zuwa. Yaya ta tambaye shi ko Baba zai kai. Ya ce a ci gaba da ba shi magani.

Ni na tura gadon muka koma ɗakin marasa lafiya. Ba nauyi ko kaɗan. Muna shan kwana Baba ya buɗe ido, ya shafa cikinsa.

"Har an gama?"

Yaya ta juya fuska bango.

"Ba a yi ba, Baba," na ce.

Ya daɗe yana kallon silin.

"To ku ba ni ruwa. Tun jiya suka hana ni."