Jar Fitilar Batir

…jar waya ce ke ɗauko wuta, baƙa ce ke komawa jikin jirgi. Na sani, Norbert, na sani, ba sai ka taso daga kabari ka maimaita mini ba. Ja daga fiyus zuwa filasha, daga filasha zuwa ƙwan fitila, daga nan zuwa ɗan akwatin da ke gadin batir. Caji ya tsaya ana sama — akwati ya ji, fitila ta kama walƙiya, matuƙi ya nemi wurin sauka tun rediyo bai mutu ba. Shi ke nan fa aikin. Da kai ne, kafin kofinka ya huce ka gama, har ka samu lokacin zagina. Ni ga shi tun safe ina cikin kujerar nan, ƙafa ɗaya a waje, dalma ta ƙone mini babban yatsa.

Kai ne mai wuta, ni ne mai ƙarfe. Haka muka raba tun ranar da aka sauke akwatunan jirgin nan a ƙofar garejina, matata Lorna na tsaye riƙe da ƙugu tana tambayar inda za ta riƙa ajiye motarta. Shekara nawa ke nan? Oho. 'Yarmu Greta ko aure ba ta yi ba a lokacin, yanzu 'ya'yanta sun fi ta tsawo. Fukafukai, jela, ƙusa bayan ƙusa… muna isowa allon gaba, wurin naka aikin, sai zuciyarka ta ce ta gaji. Ka kyauta. Wallahi ka kyauta, ka tafi ka bar ni da wayoyi a cakuɗe kamar taliya.

To. Makunni. A rage wa batir ƙarfi da gangan, mu gani.

Ƙas… ƙas… ƙas. Filasha na aiki, irin ta siginar mota ce, ina jin ta a bayan allo. Na kalli fitila — ga ta, ja wur, tana kamawa tana ɗaukewa. Madalla. Amma ba wannan ce jarrabawar ba, ko? Dokarka ce: “Gunnar, fitilar da sai ka neme ta ba ta gargaɗi ba ce, kwalliya ce. Ɗaga wannan ƙaton kan naka ka kalli gaba kamar kana sama. Ita za ta zo ta same ka.” To na ɗaga. Ina kallon ƙofar gareji ta saman hancin jirgi, daidai inda sararin sama zai kasance. Ƙas… ƙas… Zo mana. Zo ki same ni.

Shiru. Ƙofa kawai, da tsatsar jikinta. Kunne na ji, ido bai gani ba. A sama kuwa, ga rurin inji, ga abin magana a kunne, wa zai ji wani ƙas?

Ramin farko can ƙasa ta hagu na huda shi, inda ka zana da fensir. Fitila mai tsayawa, ba walƙiya. Ban gan ta ba. Na ce ƙwan ne rago, na sayo babba. Ban gan ta ba. Na matso da ita sama, na sake hudawa. Na ce ai ido ba ya kula abin da ba ya motsi, a sa mata filasha… Dubi allonka yanzu, wanda ka goge da hannunka har mutum na ganin fuskarsa — ramuka a jere kamar ɓera ya bi ta kai. Ran Asabar wurin cin fanke a filin jirgi, wani da ya taɓa leƙo garejin ya ba da labari, aka yi ta dariya. “Gunnar, jirgi kake ƙerawa ko rariya?” Na ce na shan iska ne. Na shan iska! Har ni na taya su dariyar, fanken ya ƙi wucewa.

Hawan jinin ido. Haka likitar ta ce, yarinya ce, ko sa'ar Greta ba ta kai ba. Sa haɓarka a nan, kalli tsakiya, duk sanda ka ga ɗigon haske a gefe ka danna. Na zauna ina jiran a fara. Ina jira, ina jira… sai ta ce an gama da hagu. An gama? Yaushe aka fara? “Tsakiyar garau take,” in ji ta, a hankali, irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki. “Gefen ne ke tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.” Ba duhu ba ne, Norbert, abin da na kasa gaya wa kowa ke nan. Da duhu ne ai da na ga duhun. Babu ce kawai, irin babun da ke bayan ƙeyarka. Ina jin tsoro, ga shi na faɗa. Kai kaɗai na faɗa wa, don ba ka da bakin kai wa gaba.

Kuma ba mai hana ni. Ƙaramin jirgi irin wannan, lasin mota ya ishe ka, kai ne likitan kanka kowace safiya — lasin kuwa yana aljihuna. Mai duba jirgi zai zo ƙarshen wata, ya leƙa inji, ya ja waya, ya ƙwanƙwasa fiffike, ya sa hannu. Jirgi zai duba. Ba zai ce in sa haɓa a ko'ina ba.

Wanda ya ƙera shi ke fara tashi da shi, haka muka taras, haka muka tsaya bakin titin jirgi muka yi wa wasu tafi. In ɗauko wani matuƙin haya ya ɗaga mini shi, ni ina ƙasa da hula a hannu kamar ɗan rakiya? Haba. Haba, Norbert! Hannuwan nan sun san sandar tuƙi, ƙafafun nan sun san feda, ban taɓa lanƙwasa ko taya ba. Gefe… mene ne a gefe? Sai in riƙa juya kai. Wuya ai yana juyawa.

Kujerar dama ta Lorna ce. Matar da ko tsani ba ta hawa, ta riga ta ɗinka mata matashi, shuɗi, yana nan cikin leda don kada mai ya taɓa. “In ka gama awannin gwajinka kai kaɗai, tsoho, ka kai ni garin Duluth wurin Greta. Ta saman tafki nake so. In ga abin da ya cinye mini miji da gareji.” Maganin ɗigawa a ido da ke kusa da burushina na ce mata na ƙaiƙayi ne. Ta ce to. To kawai ta ce.

Bari. Ina abin huda? Tsakiya, can ƙoli, daidai saitin hancina, inda ka ce a bar wa kamfas mai nuna alƙibla. Kamfas ya yi haƙuri. Rami ɗaya kuma, na ƙarshe — kada ka dube ni haka. Wayar ta yi gajarta, a ƙara mata, a murɗa, a ɗiga dalma, a ja mata rigar roba. Ja da ja. Baƙa ta koma jiki. Ban kuskure ba, ka gani? Ko kaɗan. Noti ya zauna. Makunni. Ɗaga kai, kalli ƙofa…

Ga ta! Ga ta nan, ja, ta shigo mini ido ban neme ta ba! Ka gani, sarkin gardama? Ta zo ta same ni. An wuce wurin. Caji ya tsaya ko ina kan tafki, zan sani. Zan sani…

Ita na iya ciro ta daga gefe na dasa ta a tsakiya. Wancan fa? Jirgin maƙwabci ran Asabar, kowa na rububin sauka don fanke, in ya ɓullo ta hagu, ƙasa kaɗan da fiffike… wa zai matso mini da shi tsakiya? Agwagin dajin da ke ƙetarawa da kaka, su ma in huda musu rami? A'a. A'a, ba yanzu ba. Ƙanshin kofi nake ji. Daga ina kofi?

Juya kai. Ƙara juyawa.

Lorna. Tsaye a gindin fiffiken hagu, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta. Kofi a hannunta, ko tururi ba ya yi.

“Tun yaushe kike nan?”

“Tun kana neman abin huda. Na ɗaga maka hannu, Gunnar.”

Ƙofar kicin ta dama take. Kullum ta nan take shigowa, ta tsaya a gaban hanci ta kira sunana, kullum. Yau sai ta zagaya ta bayan jela, ta tsallake tiyo da gwangwanayen fenti, da wannan gwiwar tata, ta zo ta hagu ta yi shiru. Ta san inda ta tsaya. Ya Allah… ta san inda ta tsaya.

Ta ajiye kofin a kan fiffike, abin da ta san na hana. Ba ta kalli fitilar ba, ni take kallo.

“Ranar da ka ce mu tafi, zan shiga.”

Ta juya. Taku biyu, ta fita daga idona, sai ƙarar takalminta kawai.

Za ta kuwa shiga, Norbert. Ka san ta. Za ta ɗora matashinta, ta ɗaura bel, ta naɗe hannu a cinya, ba za ta tambaye ni komai ba… ni ne zan ce. Ni kaɗai. Me zan ce? Yatsan nan zafi yake yi. Bari in ɗan zauna tukuna, ban san na gaji haka ba…