Hannun da Magadaliya Ta Miƙa

Ni na koya wa Magadaliya yadda ake intabiyu, cikin kwana uku, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Gida ɗaya muke haya a Tudun Wada, ƙofata na kallon tata. Wata takwas ke nan da rasuwar mijinta Badung, ya bar ta da 'ya ɗaya, Ana, mai shekara tara. Dangin miji sun zauna sun yanke magana: in Kirsimeti ta zo Magadaliya ba ta da aikin da za ta riƙe yarinyar da shi, za a kai Ana ƙauye wurin kakarta. Ba da faɗa suka faɗa ba, cikin ruwan sanyi, wanda ya fi ciwo.

Ranar Litinin sai ga saƙo a wayarta. Wata makarantar kuɗi a Daɗin Kowa na neman mai kula da sito, ta je ranar Alhamis ƙarfe tara. Ta ce ita ba ta ma tuna ta kai takarda can ba. Da ina da hankali, da nan na tsaya na yi tambaya.

"Cordelia, ke kin saba da abin nan. Ki taimake ni," in ji ta.

Na saba kam. Sau goma sha ɗaya na shiga intabiyu, sau ɗaya aka ɗauke ni, a shagon sayar da waya a Terminus. Amma a gidanmu ni ce farfesa.

Na ajiye kujera a tsakar gida, na harɗe ƙafa na zama oga, na ce ta shigo. Baiwar Allah ta taho sumui-sumui, ta durƙusa har ƙasa, idonta na kan silifas ɗina.

"Tashi! Wa ya ce miki gaisuwar surukai kika zo? Ofis ne fa. Ki miƙe, ki kalli mutum cikin ido, ki ba shi hannu."

"Ko babba ne?"

"Ko kakan gwamna ne."

Na tambaye ta me ta iya, ta ce, "To, ɗan abin da Allah ya sa." Haushi ya kama ni. Matar da ta yi shekara goma tana riƙe da kayan zumuntar mata na cocinsu, tukwane da kujeru da kuloli, ko cokali bai taɓa ɓata ba! Na sa ta maimaita "na iya" har bakinta ya saba. Duk sanda gwiwarta ta fara lanƙwashewa sai in buga murfin tukunya. Ana na zaune a bakin ƙofa tana ƙyalƙyala dariya, rabon da in ji dariyar yarinyar tun kafin jana'iza. Zuwa yammacin Laraba, Magadaliya na shigowa kai tsaye, kafaɗa a miƙe, ta damƙi hannuna har sai na ji zafi. Na ara mata baƙar kwat ɗina, ina ta jin daɗin kaina.

Ranar Alhamis na raka ta a keke-napep, na tsaya bakin get. Ba ta yi minti goma ba ta fito. Sai da muka kai titi ta ba ni labari.

Mutum uku ta tarar a bayan tebur. Na tsakiya Baba Dantong ne, ƙanen mahaifin Badung, tsohon ma'aikacin gwamnati, ashe shi ne shugaban kwamitin makarantar. Shi ya karɓe ta ranar da aka kawo ta gidan miji. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba.

"Gwiwata ta so ta sauka, sai na ji ƙarar murfin tukunyar nan a kunnena," in ji ta.

Ta tsaya ƙyam, ta kalle shi cikin ido, ta miƙa masa hannu. Tsohon ya dubi hannun, ya dubi kwat, bai karɓa ba. Ya bar Turanci ya koma Hausa a gaban sauran biyun.

"Magadaliya, ko shekara Badung bai yi a ƙasa ba, har idonki ya bushe haka?"

Daga nan duk abin da na koya mata ya gudu. Aka sallame ta, ba a ɗauke ta aikin ba.

Daga baya muka ji sauran labarin. Ashe Baba Dantong ne ya saka sunanta a jerin masu neman aikin, bai gaya wa kowa ba. A taron dangi ma shi kaɗai ya ce a bar yarinya wurin uwarta. Na je gidansa da kaina, na durƙusa a kan siminti, ni farfesa, na ce laifina ne. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, na ji. Amma abin da kwana uku ya cire wa mace, dama bai zauna ba." Ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne, amma haka na tashi na dawo gida.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti aka zo aka ɗauki Ana. Da jakar makarantarta ta tafi, tana tambaya ko a ƙauye ma akwai aji huɗu.

Washegari da safe Magadaliya ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ta wanke kwat ɗin, ta goge, ta naɗe ta cikin leda. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai ta tsaya a miƙe, ta kalle ni cikin ido yadda na koya mata.

"Na gode, Cordelia. Kin yi ƙoƙari."

Ni ce na sunkuyar da kai.